Atisayen Ƙarfafa Tsoka wajen Farfaɗo da Masu Cutar Toshewar Jijiyoyin Zuciya: Nazarin Dacewarsa da Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazari a kan matsayin atisayen ƙarfafa tsoka a cikin shirin farfaɗo da masu cutar toshewar jijiyoyin zuciya, sannan ta auna dacewarsa da rayuwar mazauna ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari. An bibiyi binciken masana, aka kwatanta sakamakonsa da sana'o'i da yanayi da tsarin kiwon lafiya na yankin. Nazarin ya gano cewa shawarar da aka saba bai wa majinyaci ta ya guji ɗaukar nauyi ba ta kare manomi ko matar gida, domin rayuwarsu ba ta gudana sai da ɗaukar nauyi. Abin da ke kare su shi ne a tantance su, a horar da tsokarsu mataki-mataki da nauyin da aka auna, a kuma kawo horon kusa da gidajensu.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun halaka mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen sun auku ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Babba a cikin waɗannan cututtuka ita ce toshewar jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Kitse da daskararren maiƙo kan taru a bangon jijiyar har hanyar jini ta ƙuntata. Idan ta ƙuntata, majinyaci kan ji ciwon ƙirji lokacin aiki. Idan ta toshe gaba ɗaya, sashen tsokar zuciya kan mutu, wanda shi ne abin da jama'a ke kira bugun zuciya.

Wanda ya tsira daga wannan hali yakan bar asibiti da magunguna, da kuma tambayar da ta fi damun sa: yaushe zai koma gona ko kasuwa? Shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya shi ne amsar da ilimin likitanci ya tanada. Ya ƙunshi motsa jiki bisa ƙa'ida, da gyaran abinci, da barin taba, da kula da shan magani, da kwantar da hankali. Wannan takarda ta keɓe ɓangare ɗaya daga ciki, wato atisayen ƙarfafa tsoka, inda gaɓa ke ɗaga nauyi ko ja ko turawa sau da yawa a jere. Ya bambanta da atisayen jure gajiya, kamar tafiya da tuƙa keke, wanda ya fi dogara ga numfashi.

1.1 Manufar Nazari

Manufofin takardar uku ne. Na farko, fayyace abin da bincike ya tabbatar game da amfani da haɗarin wannan atisaye. Na biyu, bayyana irin nauyin da rayuwar yau da kullum ke ɗora wa majinyaci a Boɗinga da Shagari. Na uku, gabatar da tsarin da za a iya aiwatarwa da kayan aiki da ma'aikatan da yankin yake da su.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

2.1 Daga Kwanciya zuwa Motsi

A farkon rabin ƙarni na 20, likitoci a Turai da Amurka suna kwantar da wanda ya sami bugun zuciya na kimanin mako 6, saboda tsoron kada tabon zuciyar ya fashe kafin ya warke. Levine da Lown (1952) sun ƙalubalanci wannan ra'ayi, inda suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera tun kwanakin farko ba ya cutarwa. Saltin da abokan aikinsa (1968) sun kwantar da samari 5 lafiyayyu na tsawon mako 3 a birnin Dalas, sai ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da kimanin kashi 27 cikin 100. Daga nan aka fahimci cewa doguwar kwanciya ita kanta cuta ce.

Duk da haka, an ci gaba da hana masu ciwon zuciya ɗaga nauyi. Akwai dalili. MacDougall da abokansa (1985) sun auna hawan jinin ƙwararrun masu ɗaga ƙarfe suna tura nauyi mai yawa da ƙafafu biyu, suka sami matsakaicin 320/250, a mutum ɗaya ma har 480/350. Sai dai waɗannan alƙaluma na nauyin da ya kusa ƙure ƙarfin mutum ne, tare da riƙe numfashi. Kelemen da abokansa (1986) sun gwada matsakaicin nauyi, kashi 40 cikin 100 na iyakar abin da mutum ke iya ɗagawa sau ɗaya, a kan masu ciwon zuciya na tsawon mako 10. Ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 24, kuma ba a sami wata matsalar zuciya mai haɗari ba. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta amince da wannan atisaye a bayanin da ta fitar a 2000, ta sabunta shi a 2007 da 2023.

2.2 Sakamakon Manyan Bitoci

Bitar Cochrane ta Dibben da abokan aikinta (2021) ta tattara gwaje-gwaje 85 da suka ƙunshi mutum 23,430. Ta nuna cewa shirin farfaɗowa mai motsa jiki yana rage sake samun bugun zuciya da yawan komawa gadon asibiti, yana kuma kyautata rayuwa. Marzolini da Oh da Brooks (2012) sun kwatanta atisayen jure gajiya shi kaɗai da wanda aka haɗa shi da ƙarfafa tsoka a bincike 12. Haɗin ya fi rage kitse da ƙara tsoka da ƙarfin hannuwa da ƙafafu. Hollings da abokansa (2017) sun cimma makamancin wannan sakamako a bincike 34. Bugu da ƙari, Leong da abokansa (2015) sun bibiyi kusan mutum 140,000 a ƙasashe 17, suka ga cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa.

2.3 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

An daɗe ana ɗaukar cutar toshewar jijiyoyin zuciya a matsayin baƙuwa ga baƙar fatar Afirka. Sani da abokansa (2006) sun sami ƙasa da kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a sashen cututtukan manya na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna ɗauke da ita. Amma rajistar ƙasa da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, ya jagoranta, wadda aka wallafa a 2022, ta tattara majinyata 1,072 daga asibitocin Nijeriya. Matsakaicin shekarunsu kusan 59 ne, kimanin kashi biyu cikin uku maza ne, kuma hawan jini ne ya fi yawa a cikin abubuwan da ke haddasa musu cutar. Waɗannan magidanta ne da iyali ke dogara da ƙarfinsu.

A ɓangaren farfaɗowa kuwa, Turk-Adawi da abokan aikinta (2019) sun gano cewa ƙasashe 111 kaɗai cikin 203 ke da shirin, kuma Afirka na cikin yankunan da suka fi ƙarancinsa. Giɓin da wannan takarda ta lura da shi shi ne, yawancin gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a biranen ƙasashe masu arziki, da injinan motsa jiki, kuma mafi yawan mahalarta maza ne. Ana buƙatar a daidaita ƙa'idojin da suka fitar da rayuwar karkara.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na bitar rubuce-rubuce ne da kwatantawa. An zaɓi ayyuka iri uku: gwaje-gwajen asali, da bitocin da suka tattara gwaje-gwaje, da ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin zuciya. Daga cikinsu aka tsamo ma'aunai huɗu: wanda ya cancanta, da yawan nauyi, da lokacin farawa, da irin sa idon da ake buƙata. Sannan aka ɗora kowane ma'auni a kan sanannun siffofin yankin, wato sana'a da yanayi da ibada da tsarin zaman iyali da matakan asibitoci.

Boɗinga da Shagari suna kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kimanin 175,000 a Boɗinga, da kimanin 156,000 a Shagari. An zaɓe su ne domin suna wakiltar karkarar da ba ta yi nisa ainun da asibitin ƙwararru ba, amma zuwa birni sau biyu ko uku a mako ya fi ƙarfin aljihun yawancin mazaunanta.

4.0 Nazari

4.1 Yadda Zuciya ke Amsa Nauyi

Ana ƙiyasta buƙatar tsokar zuciya ga oksijin ta hanyar ninka saurin bugawarta da lambar sama ta hawan jini. A matsakaicin atisayen ƙarfafa tsoka, hawan jini kan ɗaga, amma saurin bugawar ba ya kai na wanda ke gudu. Haka kuma lambar ƙasa kan ɗan ɗaga, kuma a lokacin sassautawar zuciya ne jijiyoyinta suka fi samun jini. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa alamun ƙarancin jini a zuciya ba su cika bayyana a irin wannan atisaye ba.

Abu mafi muhimmanci ga wannan takarda shi ne, tashin hawan jini ya danganta ne ga kason ƙarfin da tsoka ta kashe. A ɗauki misalin jarka mai lita 25, wadda ruwanta ya kai kilo 25. Idan iyakar ƙarfin mutum kilo 30 ne, ɗaga jarkar zai cinye kashi 83 cikin 100 na ƙarfinsa. Idan horo ya kai iyakar kilo 40, jarkar dai ita ce, amma kason ya sauko zuwa kimanin kashi 63. Ke nan duk lokacin da tsoka ta yi ƙarfi, aikin da aka saba yakan rage wa zuciya wahala. Akasin haka, watannin zaman hutu suna zubar da tsoka, sai aikin da ake yi cikin sauƙi a da ya zama haɗari.

Babban abin gudu shi ne yunƙuri tare da riƙe numfashi, wanda ke sa matsin cikin ƙirji ya ƙaru, hawan jini ya yi tsalle, sannan ya faɗi. Ƙa'idar ita ce a fitar da numfashi lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa.

4.2 Nauyin Rayuwar Yau da Kullum

Noman gero da dawa da wake da damina, da noman rani a fadamu da gefen madatsar ruwa ta Shagari, duk aikin hannu da baya ne. Huɗa da galma, da noma da fartanya a sunkuye, da ɗora dami a kai, da loda buhu a amalanke ko bayan babur, sun haɗa ɗagawa da riƙewa na tsawon lokaci. Mata kuwa suna daka da sussuka da jan guga da ɗaukar tulu da goyo. Ko tsoho da ya bar gona yana tashi daga tabarma, yana tsuguno a makewayi, yana ruku'u da sujada a salloli biyar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar ƙarfin cinya da ƙugu.

Saboda haka, idan aka sallami manomi daga Sifawa ko Kajiji da umarnin kada ya ɗauki kaya mai nauyi, ɗayan biyu ne zai faru. Ko ya bi umarnin ya zauna, tsokarsa ta zube, kuɗin shigar gidan ya tsaya, damuwa ta shige shi. Ko kuma da faɗuwar ruwan shuka ya koma gona da raunanan gaɓoɓi ba tare da wani shiri ba. Duk hanyoyin biyu ba sa kare zuciyarsa. Horo mai matakai ne ke cike tazarar da ke tsakanin gadon asibiti da bakin gona.

4.3 Tantancewa kafin Farawa

Ba duk wanda aka ce yana da ciwon zuciya ne ke da toshewar jijiya ba. A Sakkwato, gazawar zuciya sakamakon hawan jini ta yawaita, haka ma raunin tsokar zuciya bayan haihuwa, wanda Isezuo da Abubakar (2007) suka samu a kimanin haihuwa 1 cikin 100. Don haka wajibi ne likita ya tabbatar da nau'in cutar ta hanyar gwajin lantarkin zuciya da hoton zuciya kafin a sa kowa a cikin shirin.

Ƙa'idojin 2007 na Ƙungiyar Zuciya ta Amurka sun hana wannan atisaye ga mai ciwon ƙirjin da bai daidaita ba, da mai gazawar zuciyar da ta tsananta, da mai rikicewar bugawar zuciya da ba a shawo kanta ba, da mai tsananin ƙuntatar ƙofar babbar jijiya, da mai kumburin tsoka ko rigar zuciya, da wanda hawan jininsa ya haura 180/110. Game da lokacin farawa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla mako 5 bayan bugun zuciya, bayan majinyaci ya yi mako 4 yana atisayen tafiya a ƙarƙashin kulawa. Wanda aka buɗe wa jijiya ta hanyar zura siririn bututu yana iya farawa bayan mako 2 zuwa 3. Wanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji kuwa zai jinkirta ɗaga nauyi da hannuwa har mako 8 zuwa 12.

4.4 Tsarin Atisaye da Kayan Gida

Ƙa'idojin sun tanadi atisaye 8 zuwa 10 da suka shafi manyan tsokoki, kowanne a maimaita shi sau 10 zuwa 15, kwana 2 ko 3 a mako, ba a jere ba. Ana farawa da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na iyakar ƙarfi ga hannuwa, da kashi 50 zuwa 60 ga ƙafafu. A cibiyar karkara ba sai an gwada iyakar ƙarfin ba. Ya wadatar a zaɓi nauyin da majinyaci zai ɗaga sau 12 zuwa 15 yana iya magana, kuma a ma'aunin jin wahala na Borg, mai lamba 6 zuwa 20, ya tsaya tsakanin 11 da 14. Wannan ma'auni ya fi dacewa da masu shan magungunan rage saurin bugawar zuciya, waɗanda ƙidayar bugawa ba ta nuna ainihin wahalarsu.

Ruwa shi ne ma'auni mafi sauƙi, tunda lita 1 daidai take da kilo 1. Ledar fiya wata rabin kilo ce, babbar gorar ruwa kilo 1.5, galan mai lita 4 kilo 4, jarka kuma ana iya yi mata zane a kowace lita. Da waɗannan za a iya tsara atisaye kamar haka: tashi da zama daga benci, ɗage dugadugai a dafe da bango, hawa da sauka a dakali, tura bango da hannuwa, lanƙwasa gwiwar hannu da gora, ɗaga gora zuwa kafaɗa, jan igiyar roba zuwa ƙirji, da tafiya da galan a kowane hannu. A fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, a rufe da tafiya a hankali. Idan majinyaci ya kai sau 15 cikin sauƙi a zama biyu a jere, sai a ƙara masa rabin lita zuwa lita 1. Sannu ba ta hana zuwa. A matakin ƙarshe sai atisayen ya kwaikwayi sana'ar mutum: a koya masa ɗaga kaya da gwiwa a lanƙwashe, da raba buhu gida biyu ko uku, da hutawa a ƙarshen kowace kunya.

Dole a tsaya nan take idan aka ji matsi ko zafi a ƙirji ko hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ko zufa mai sanyi, ko bugawar zuciya ta rikice. Wanda likita ya rubuta wa ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe ya riƙe ta a aljihu. Wannan atisaye ƙari ne a kan tafiya da shan magani, bai maye gurbin ko ɗaya ba.

4.5 Yanayi da Azumi da Matsayin Mata

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara wa zuciya aiki, musamman ga masu shan maganin sa fitsari. A bazara, bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya a inuwa ne lokacin da ya dace. Da hunturu kuwa, sanyin asuba na iya tayar da ciwon ƙirji, don haka hantsi ya fi. A watan Ramadan, wanda likita ya amince masa ya yi azumi ya mayar da atisayen bayan buɗa-baki da kamar awa biyu, mai ciwon suga kuma ya auna sugansa kafin ya fara.

Mata da yawa a yankin ba sa fita sai da lalura, kuma ba za su yi atisaye a gaban maza ba. Bitocin Cochrane sun nuna cewa shirin da ake yi a gida yana ba da sakamako kwatankwacin na cibiya ga majinyatan da haɗarinsu bai yi yawa ba. Tsakar gida ta isa filin atisaye, matuƙar ma'aikaciyar lafiya mace ta koyar, kuma maigida da sauran iyali sun fahimci manufar.

4.6 Ma'aikata da Rabon Aiki

Likitocin zuciya da na fisiyo sun fi taruwa a birnin Sakkwato. Grace da abokan aikinta (2016) sun gabatar da tsarin farfaɗowa na wuraren da ke da ƙarancin kayan aiki, wanda ya amince ma'aikatan da ba likitoci ba su jagoranci shirin bayan horo. Nijeriya ma tana da manufar sauya da raba ayyukan lafiya tun 2014. Bisa wannan, za a iya raba aikin hawa uku. Asibitin Koyarwa da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato su tantance, su rubuta takardar atisaye. Manyan asibitocin Boɗinga da Shagari su gudanar da zaman farko a ƙarƙashin ido, da na'urar awon jini da kayan ceton gaggawa. Cibiyoyin lafiya matakin farko a garuruwa irin su Dingyaɗi da Lambara su riƙa bibiya, su auna jini, su duba katin majinyaci, su mayar da duk wanda ya nuna alamar haɗari. Mai haɗari babba ya ci gaba da zama a hannun ƙwararru.

5.0 Shawarwari

1. Takardar sallama ta kowane mai wannan cuta ta ƙunshi nauyin da aka yarda ya ɗauka a kilo ko lita, da ranar da za a sake dubawa.
2. A horar da jami'an lafiyar al'umma, maza da mata, a kan awon jini da ma'aunin Borg da alamun haɗari da farfaɗo da numfashi.
3. A buga katin atisaye mai hotuna da Hausar boko da ajami da Fulfulde.
4. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta sanya farfaɗo da masu ciwon zuciya cikin ayyukan da take biya.
5. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta gudanar da gwajin farko a ƙananan hukumomin biyu, ta auna ƙarfin damƙa, da tafiyar minti 6, da komawa sana'a, da duk wata matsala da ta taso.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa matsakaicin atisayen ƙarfafa tsoka yana da amfani da aminci ga mai toshewar jijiyoyin zuciya da aka tantance kuma ciwonsa ya daidaita. Ta kuma nuna cewa buƙatarsa ta fi tsanani a Boɗinga da Shagari, inda abinci da ruwa da ibada duk suka rataya a kan ƙarfin gaɓoɓi. Kayan aikin suna nan a kowane gida. Abin da ya rage shi ne tantancewa mai inganci, da ma'aikata masu horo, da hanyar miƙa majinyaci tsakanin birni da ƙauye. Gwajin da aka ba da shawararsa shi ne zai samar da alƙaluman gida da hukumomin lafiya na Jihar Sakkwato za su dogara da su wajen faɗaɗa shirin zuwa sauran ƙananan hukumomi.